Hannun Yaya Habu a Ankara

Tun da muka dawo daga Gana ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin Malam Idi, nan bakin ƙofar kamfaninmu na silifas a Sharaɗa, sai wani ya jawo benci ya matso: yaya teku take, me suke ci, me zai kai ɗan Kano wata ƙasa saboda ƙwallon da ba ta kai ƙwan kaza ba. Na yi ta ba da labarin gutsi-gutsi har na fara jin ana ƙara masa gishiri a gabana. Jiya na ji mai gadinmu yana gaya wa direbobin tirela wai mun ciyo kofi. Ba mu ci kofi ba. Ga yadda aka yi, daga nan kuma a bar ni in sha shayina da zafinsa.

Da yayana na tafi, Yaya Habu. Ya ba ni shekaru da yawa, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Tun yana saurayi yake ɗaukar wa masu wasan golf jaka a filin da ke wajen Nassarawa, a nan ya koyi bugu da tsofaffin sandunan da aka yar, har ya zo ya fi waɗanda yake ɗaukar wa jakar. Abincinsa kuwa a Bompai yake, a wani kamfanin robobi. A can ne wata safiya inji ya ci masa yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da na kusa da ƙarami. Ya yi kusan shekara ko ɗaurin aure ba ya zuwa. Golf ce ta fito da shi daga ɗaki, ba lallashinmu ba. Amma tun daga lokacin hannun nan a aljihu yake zama. In za ku gaisa sai ya dunƙule shi ya miƙo maka wuyan hannu, kamar wanda ka tarar yana cin tuwo. Abinci shi kaɗai yake ci. A fili kuma safa yake sawa a hannu biyu.

Ni kuma Asabar da Lahadi gyaran sanduna nake yi a gindin wata darbejiya a filin. Yawancin aikina mariƙi ne, wato roba ko fatar da ake sa wa kan sanda inda hannu ke kamawa. Mutum zai sayi sanda ta kece raini ya manta nan ne kaɗai inda jikinsa ke taɓa ta. Na san aikin nan, ba yabon kai ba. Na Yaya da hannuna nake naɗawa, da fatar akuya mai laushi da wani abokina yake zaɓo min a majemar Chalawa, in shafe ta da man kaɗe har ta yi sheƙi. Duk shekara in zan sabunta masa sai in ƙara kauri daga ƙasa, inda hannun dama ke sauka, don a ganina wurin tabo laushi yake so. Ban taɓa auna hannun ba. Kowa ya zo wurina sai ya buɗe min tafinsa na gani, amma ta ina zan fara ce wa Yaya ya nuna min abin da yake ɓoye wa 'ya'yansa? Shi ma in na miƙa masa sai ya jujjuya sandar ya ce madalla, shi ke nan.

Daminar bara sanda ta kuɓuce masa ana tsakiyar wasa, ta wuce ta saman kan wani likita. Ba a ji ciwo ba, har dariya aka yi. Shi bai yi ba. A hanyar gida ya ce min duk ranar da ta sake kuɓuce masa a gaban mutane ya bar wasan har abada. Yaya ba ya magana biyu, kuma na san inda zai koma in ya bari: ɗakin nan. To ana haka aka gayyaci filinmu gasar dattawa a Ankara, ta Gana ba ta Turkawa ba, manyan filin suka ce shi zai je, ni kuma in bi shi in ɗaukar masa jaka. Na zauna na naɗa masa sabuwar fata a sanduna duka, na ƙara kauri, na ƙara mai. Har cika baki na yi cewa ko a aljihu ba a samun laushi irin wannan.

Babbar motar Legas muka hau. Rigimar farko da kwandasta aka yi ta, don ya so ya cusa jakar sandunan ƙarƙashin buhunan albasa. Na ce masa sai dai ni ya cusa. Aka sasanta jakar ta zauna tsakanin ƙafafuna, haka na tafi da ita kamar mai goyo a gaba. Muna wuce Na'ibawa wata mata 'yar Ibadan da ke kujerar gefe ta tambaye ni ko sandunan fatake ne na kashe maciji. Na yi mata bayani har Kwanar Ɗangora, ta saurara da kyau, sannan ta ce to in an jefa ƙwallon a rami, sai me? Na ce sai a ciro a tafi rami na gaba. Ta kalli Yaya da furfurarsa ta girgiza kai, ta miƙo mana ayaba don tausayi.

Ba zan ɓata muku lokaci da Legas ba, wanda ya je ya sani, wanda bai je ba ba zai yarda ba. Daga can muka shiga ƙaramar mota zuwa iyakar Seme. Ma'aikatan suka zazzage jakar, suka jera sandunan a tebur, ɗaya ya ɗauki wuƙata mai ƙugiya ta yanke tsohon mariƙi yana tambaya. Na nuna masa yadda ake yi da ita, ya gamsu. Sai aka zo wajen ɗaukar hoton yatsu. Na sa nawa na wuce. Da aka zo kan Yaya ya sa hagu, ma'aikacin ya ce dama. Yaya ya tsaya. Layi ya fara gunaguni a baya. Ni da nake gefensa sai na juya ina karanta wata takarda ta Faransanci a bango, ni da ko harafi ɗaya ban sani ba, don kada ya ga na gani. Na dai ji ma'aikacin ya sassauta murya ya ce ba komai, Baba, wuce. Daga nan muka kama hanyar Kwatano.

Kwatano garin 'yan acaɓa ne, duk da riguna ruwan ɗorawa, har mata da jarirai a baya suna tuƙa nasu baburan. Burodinsu dogo ne siriri mai tauri, na sayi ɗaya na gwada shi da sandar Yaya, saura kaɗan su yi kai ɗaya. Togo kuwa kafin ka gama gyara zama ta ƙare. Abin da ya fi ba ni mamaki a Lome shi ne iyakar tana cikin gari, ga teku a hagunka tana ta haushi, ga mata da tire a ka suna tsallakawa wata ƙasa kamar masu zuwa kasuwar Rimi daga ta Kwari. A nan na fara lura da iskar. Ba zafi ne irin namu ba, wanda ke ƙona ka ya bar ka a bushe. Wannan lulluɓe ka yake yi. Rigata ta manne a bayana, takardar da ke aljihuna ta yi laushi kamar an jiƙa ta. Ban kawo komai a raina game da fata ba.

A Ankara a zango, unguwar Hausawa, muka sauka, gidan wani dattijo Alhaji Baba, wanda kakansa goro ya kai shi can daga Kano bai dawo ba. Bai taɓa ganin Kano ba, amma ya tambaye ni Dala da Kurmi kamar jiya ya baro su. Hausarsu ta ɗan karkace, ka dai ji ka gane. Da safe aka kawo mana shinkafa da wake da suka yi ja, sunanta ma wake suke ce mata, an tula mata taliya da gari da ƙwai da wani baƙin yaji mai kifi. Mu a gida mai da yaji sun wadatar, su sai sun tara mata jama'a. Da rana dokunu, wani tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi, tsaminsa ya kai min har kunne, amma kafin mu taho ni nake nemansa. Yaya kullum sai ya ɗauki kwanonsa ya shige ɗaki. Alhaji Baba ya tambaye ni ko sun yi masa laifi ne, na ce a'a, haka yake.

Abin da ya fi wahalar da shi gaisuwarsu ce. Mutumin Gana in ya kama hannunka ba ya saki haka nan, sai ya zame yatsunsa a hankali ya kama ɗan yatsanka na tsakiya da nasa, ku ja tare ya yi ƙara, ƙas. In ba ta yi ƙara ba a sake. Ni kwana ɗaya na ƙware, har nema nake a gaisa. Yaya kuwa yatsan da ake yi da shi ne babu. Sai ya koma dafe ƙirji daga nesa, su kuma suka ɗauka wani babban malami ne.

Ana gobe gasa muka je gwaji. Filin kore shar, ciyawa kamar darduma, ba irin namu da rani ba. Tun a rami na biyu na ga Yaya yana goge hannu a wando. Na taɓa mariƙin. Fatar ta sha iskar teku ta kumbura, man kaɗen da na ɗura mata duk ya taso, sai santsi take kamar kifin da aka ciro yanzu. Na goge da tawul, ya dawo. A rami na huɗu ya ɗaga doguwar sanda ya kawo bugu, ƙwallo ta yi dama, sanda ta yi hagu tana juyi a sama ta faɗa cikin wani ɗan tafki. Akwai mutum uku a bayanmu suna jira. Ɗaya ya tafa, da wasa.

Yaya ya tafi gindin bishiya ya zauna. Na tuɓe takalmi na shiga ruwa na lalubo sandar. Da na dawo ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Sabo, haɗa kayan. Gobe da safe mu kama hanya."

Tsoro ya kama ni sosai, don na san ba Kano kawai yake nufi ba. Na ce, "Yaya, wannan gwaji ne, ba wasa ba. Kuma ba hannunku ba ne, fatata ce. Ku ba ni zuwa la'asar."

Bai tashi daga gindin bishiyar ba. A wurin Yaya wannan izini ne.

Aka nuna min shagon gyara a bayan ɗakin canza kaya. Na zaci zan tarar da namiji, sai ga wata mata ƙaƙƙarfa mai kimanin shekara hamsin, da tabarau a goshi, tana kankare tsohon salatif daga jikin sanda. Sunanta Akosuwa, ta ce wadda aka haifa ran Lahadi ke nan, na ce ashe Ladi ce, sunan ya bi ta. Shagon na mahaifinta ne ta gada, kuma ta tashi kusa da zango, tana jin Hausa daidai gwargwado. Ta karɓi sandar ta shinshina ta tambaye ni ko miya nake yi da ita. Na ce a Kano wannan fatar sai wane da wane. Ta ce ta yarda, naɗin ma ya yi kyau, ba ta taɓa ganin mai kyansa ba, amma nan ba Kano ba ne. Ta zubo min mariƙai a tebur: roba mai laushi ta masu ciwon gaɓoɓi, roba mai zare a ciki wadda ke daɗa kamawa in ta jiƙe, da wata rabi da rabi, zare a sama, laushi a ƙasa. Na zaɓi rabi da rabin, na ce a ba ni mafi kauri. Ta ce wa za a sa wa? Na nuna mata Yaya ta taga. Ta ce ba ta sayar wa hannun da ba ta gani ba.

Na yi mata bayani a hankali, cewa akwai lalura, kuma yayana ne, ba a yi masa haka. Ta saurare ni kamar yadda matar Ibadan ta saurare ni, sannan ta leƙa ta ƙwala masa kira. Ya zo don kunyar baƙuwa. Kafin ya dafe ƙirji ta riga ta kama hannun, ta zare safar, ta shimfiɗa shi a tebur ƙarƙashin fitila kamar mai zaɓen kifi a kasuwa. Na so in juya, babu takardar Faransanci a bangon. Na duba.

Ashe yatsun ba daga tushe suka tafi ba. Kowanne da saura gaɓa guda, gajeru, masu ƙarfi, kansu ya yi kanta kamar tafin ƙafa. Babu wani tabo mai neman laushi. Da su yake riƙe sanda duk shekarun nan. Ladi ta ɗora masa sandar da na naɗa a tafi ta ce ya kama. Guntayen suka miƙe suna neman zagayowa, kaurin ya hana su. Da babban yatsa da manuni da ƙarami kawai yake maƙale da ita. Ta ɗauko wata sanda siririyar mariƙi ta sa masa, nan take guntayen suka kwanta a jikinta suka kulle.

Na ce, "Yaya, ashe kaurin yana hana ku kamawa? Me ya sa ba ku taɓa faɗa ba?"

Ya ce, "Kai da kake kwana kana naɗawa, in ce maka bai yi ba?"

Ladi ta dube ni ta dube shi, ta ce ita dai ba ta gane mutanen Kano ba, mutum biyu uwa ɗaya uba ɗaya suna ta yi wa juna kara har sanda ta faɗa ruwa. Yaya ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ni kunya da daɗi suka haɗe min, na rasa wanda zan fara ji.

Daga nan aiki ya dawo hannuna, kuma nan fagena ne. Mariƙin da ya dace da guntayen shi ne siririn da ake sa wa sandunan mata. Yaya ya ce kada wanda ya ji wannan a Bompai, ga shi yanzu na faɗa. Amma hannunsa na hagu cikakke ne, babba, siririn zai yi masa kaɗan. Na ce sai mu ƙara naɗin salatif a sama inda hagu ke kamawa, mu bar ƙasa da falle ɗaya, ya sauko a hankali. Na so in yi wa guntayen ɗan gurbi, Ladi ta ce dokar wasa ta hana tudu ko kwari a mariƙi, za a kore shi. Na bar wannan. Muka raba sandunan. In ɗaure sanda a bais, matsin ƙarfen da ke riƙe ta, in tsaga fatar da ƙugiya, wuƙa tana tafiya gaba ba wajen cikina ba, in kankare, in naɗa salatif mai gam ciki da waje, in toshe ɗan ramin gindin roba da yatsa in zuba mata ruwan sa santsi in girgiza, in juye a kan salatif ɗin, in tura ta da sauri kafin ta kama, in daidaita layinta da fuskar sanda. Ni da fetur na saba, ita tana da nata ruwan marar wari, ta ce ba za a tayar mata da gobara a shagon ubanta ba. Kowace sanda aka gama sai Yaya ya kama da hannu tsirara ya ce a ƙara nan, a rage can. Ban taɓa jin ya yi magana a kan mariƙi haka ba, har ya so ya ishe ni.

Da muka gama na kwashi sandunan zan jera a rana, don a gida kafin ka yi sallah ka ci abinci sun bushe. Ladi ta ƙwace ta jera su gaban fanka ta ce sai da safe, iskarsu ba ta shanya komai da gaggawa, in aka taɓa yanzu robar za ta murɗe. Fatun da na yanke kuwa ta roƙi guda biyu ta ajiye, wai za ta nuna wa mutane yadda ake naɗi.

Ranar gasa hadari ya haɗo tun hantsi. Aka haɗa Yaya da wani tsohon malamin makaranta ɗan Kumasi, mai barkwanci. A rami na farko na miƙa masa doguwar sanda. Ya zare safar dama ya cusa a aljihu, ya ce da ita ba ya jin robar. Ya buga, ƙwallo ta tafi ɗoɗar, sanda tana hannunsa. Wajen rami na bakwai ruwa ya sauko, yayyafi mai naci. Duk bugun da zai yi ina goge mariƙi da tawul ina addu'a. Zaren nan kuwa yana jiƙewa yana daɗa kamawa. Ya ɓata wasu ramuka, ya gyara wasu, ya gama ramuka sha takwas ɗinsa cif. A tsakiyar jeri ya ƙare, ba sama ba, ba ƙasa ba. Sanda ba ta motsa daga hannunsa ba ko sau ɗaya.

A rami na ƙarshe malamin nan ya cire hula ya miƙo hannu. Na ga Yaya ya ɗan tsaya, sannan ya miƙa nasa a buɗe. Malamin ya zame yatsu zai yi ƙas ɗin nan, ya laluba bai sami abokin yi ba. Ya duba, ya ɗaga kai, sai ya kama manunin Yaya da nasa suka ja. Ba ta yi ƙara ba. Suka sake, ba ta yi ba. A na uku ta yi 'yar ƙara kamar an karya tsinke, suka riƙe juna suna dariya cikin ruwa. Ni na juya ina gyara jaka, wannan karon don kada a ga idona.

Ran nan a tsakar gidan Alhaji Baba Yaya ya ci tuwo, kwano ɗaya da mu. Dawowa ba wani labari, sai dai a Seme shi ya riga ni ɗora hannu a na'urar ɗaukar hoton yatsu.

Amma ba a gama ba sai an ji ƙarshe. Da ruwa ya ɗauke a nan gida iska ta bushe, zaren Ankara ya fara cin tafin Yaya na hagu, don abin da ya yi a bakin teku ba lalle ya yi a Kano ba. Asabar ɗin da ta wuce ya zo gindin darbejiya da jakarsa ya ce a mayar masa da fatar Chalawa, amma siririya, kuma in rage man. Akwai mutane a wurin, har da likitan nan. Na jawo salatif na ɗauki wuƙa zan fara, sai ya ce in tsaya. Ya naɗe hannun riga, ya shimfiɗa hannun dama a kan tebur, a buɗe.

Ya ce, "Fara aunawa tukuna."